Sarkin Zama na Birnin Kandarma

Da sunan Wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya tsaga mata hanyoyi, Ya ba raƙumi doguwar ƙafa, Ya ba shaho fiffike, Ya ba ɗan Adam sawu biyu da zuciyar da ba ta taɓa yarda sun ishe shi ba. Ku gyara zama ku ji abin da ya same ni, ni Nomau ɗan Gajere, falken gishiri, a ƙasashen da ke bayan Tekun Toka, inda rana kan fito ja ta faɗi kore.

Wata rana ina kora jakunana a Filin Farin Dutse sai na ji ruri a bayana. Ko da na waiga, sai ga wani ɗaki na ƙarfe a kan ƙafafu masu juyawa, ba doki a gabansa, ba bijimi, yana tafe yana aman hayaƙi. Kafin in yi salati ya wuce. Jakuna suka watse, kowanne ya kama gabansa da gishirina a baya, har yau ban sake ganin ko jelar ɗaya ba. Mutumin da ke cikin ɗakin kuwa ya ɗago mini hannu cikin ladabi.

Na zauna a kan dutse, na yi ƙoƙarin in yi baƙin cikin dukiyata, amma zuciyata ta ƙi. Tambaya ɗaya take ta maimaitawa: me ke tura abin nan? Da na ga ba za ta bar ni ba, sai na tashi na bi sawunsa.

Sawun ya kai ni wani gari da ake kira Rumbuki, a bakin wani tafki baƙi wanda kwalta ce a cikinsa maimakon ruwa. Na tambayi masu zaman ƙofar gari ko sun ga abin. Ban rufe baki ba suka yi mini ɗaurin goro, suka kai ni gaban dagacinsu. Ashe mota, haka suka ce sunan abin, ta taɓa bi ta kan ragon dagacin, tun daga ranar duk wanda ya yi cigiyarta ɗan leƙen asirinta ne, hukuncinsa kuwa a jefa shi tafki.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai rago ɗaya ta yi maka ɓarnarsa. Ni garken jakuna ta watsa mini. Farautarta nake yi."

Dagaci ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. Ya sa aka kwance ni, aka cika mini burgami da ƙuli-ƙuli, ya ba ni mashin kakansa, ya ce in na same ta in soke ta a maƙogwaro. Na yi masa alkawarin zan fara neman inda maƙogwaron yake.

Na ratsa dajin itatuwan da ke kukan madara, inda mutane ke tarar hawayensu a ƙwarya suna dafawa har ya zama taya. Na wuce rijiyoyin da ake ɗebo mai daga cikinsu da guga. Daga nan na hango Birnin Kandarma a kan dutse, hayaƙi na tashi daga kowace unguwa, ƙarar guduma na saukowa har gindin tsauni.

Mai tsaron ƙofa wani tsoho ne, Baba Ƙosau, ba haƙoran gaba, wuyansa kuma ba ya juyawa, in zai dube ka sai ya juyo da jikinsa duka. Ya karɓi mashina ya ƙwanƙwasa, ya ce za a yi kusoshi masu kyau da shi. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya ce, "Ɗana, da gishiri ka ce ka zo sayarwa."

Ban fahimce shi ba, kuma ban sami damar tambaya ba, domin wani dogari ya ji ni, ya ruga. Nan da nan sai ga kalangu da algaita. Aka ɗora ni a kafaɗa har fada, Galadiman birni da kansa ya naɗa mini rawani, ya ce daga yau ni ne Sarkin Zama. Aka ba ni gida mai bene, ana kawo mini tuwon shinkafa da miyar kaji safe da yamma. Na ce a raina, ashe akwai ƙasar da ake girmama mai neman ilimi.

Washegari aka kai ni Gidan Gwaji, wanda ke can ƙololuwar dutsen. Shugabarsa wata dattijuwa ce, Inna Tasalla, gajeruwa, hannunta duk tabon ƙuna, da igiyar awo rataye a wuyanta kamar carbi. Ban taɓa jin ta yi ƙarya ba, kuma ban taɓa ganin ta yarda da magana don mai faɗinta babba ne ba. Ta kai ni gaban wani inji da aka tsaga biyu don a ga cikinsa.

Ta ce, "Duba nan, Malam Nomau. Ɗigon mai ya shiga wannan rami tare da iska. A matse su, a ƙyasta musu wuta. Su fashe, su tura wannan turmin ƙarfe ƙasa, shi ne fistin. Shi kuma ya murɗa wannan sanda mai gwiwoyi, ita ta juya taya. Kafin ka ƙifta ido an yi haka sau da yawa. Shi ke nan."

Na ce, "Inna, ba aljani a ciki?"

Ta ce, "Mun nema. Mun kwance shi har kusa ta ƙarshe, mun auna kowane yanki. In akwai shi, ba shi da nauyi kuma ba ya shan mai, don haka mun ƙyale shi."

Na yi murna irin wadda ban taɓa yi ba. Na ce to, na ga abin da na zo gani, sai in yi sallama. Ta ce ai ban fara aikin sarautata ba, ta nuna mini kujerar wata sabuwar mota. Sarkin Zama, in ji ta, aikinsa zama.

Aka koya mini riƙe sitiyari, aka ce in yi ta kewaya fili har su ga abin da zai faru. Abin da ya faru shi ne injin ya yi zafi, tukunyar ruwan da ke sanyaya shi ta tafasa ta fashe, ruwan ya wanke mini ƙwauri. Ina birgima a ƙasa, Inna Tasalla ta durƙusa kusa da ni tana shafa mini man kaɗe tana tambayata ko na ji ƙarar ta canja kafin fashewar. Na ce na ji, kamar tukunyar wake.

Ta ce, "Madalla. Wutar da ke tura motar ita ce kuma ke neman cinye ta. Ruwa a tukunya ɗaya ba ya hucewa da wuri. Sai an raba shi."

Kafin ƙafata ta warke maƙera sun ƙera wani abu mai siraran bututu kamar saƙar zuma, iska na ratsa shi tana ɗauke zafin ruwan. Shi ne lagireto. Na sake kewaya filin har na gaji, injin bai ko yi gumi ba. Gaskiya abin ya burge ni. Maroƙa suka yi mini kirari, suka ce da ƙwaurina aka sanyaya motocin duniya.

Sai aka zo kan birki. Daga Gidan Gwaji hanya ɗaya ce ta gangaro ta tsakiyar birni, miƙaƙƙiya, har kusa da ƙofar gari. Aka ce in gangara, in na kai kasuwa in taka birki. Na taka. Fatar da aka liƙa don ta kama taya ta yi hayaƙi, ta yi ƙauri kamar ana babbaka, ta saki. Na wuce kasuwa, na wuce masallaci, na faɗa marina da ni da motar. Aka tsamo ni shuɗi tun daga rawani har tafin ƙafa, na yi damina guda yara na ce mini Baban Baba.

Inna Tasalla ta ce, "Ka ga, gudu ba ya ɓacewa haka kawai. In ka tsayar da shi sai ya zama zafi. Muna bukatar abin da zai sha zafin bai ƙone ba."

Suka gwada itace, suka gwada tagulla, suka gwada wani haɗi na garin dutse da ƙaro. Kowanne ni na gwada musu shi. Haɗin dutsen ya kama.

A nan na je wurin Galadima na ce, "Ranka ya daɗe, wannan sarauta ta yi mini yawa. Ko za a ɗanɗana wa wani ɗan gari?"

Ya ce, "Allah Ya kiyaye. Mu mutanen Kandarma ba mu zama a kujera mai kyau mu bar baƙo a tsaye."

Na gangara wurin Baba Ƙosau. Ya juyo da jikinsa duka ya dube ni, ya ce shi ma baƙo ne, masunci, ya zo yana saurayi da tambaya irin tawa. Shi ne Sarkin Zama lokacin da ba a san ana yi wa mota sifirin mai shanye girgiza ba, da haƙoransa aka gano amfaninsa. Ya ce doka biyu ce a birnin: baƙon da ya tambaya a nuna masa kome, wanda kuma ya ga cikin inji ba ya fita ƙofa har abada.

Bayan haka aka gina wata katanga ta dutse a ƙarshen gangaren, dab da ƙofar gari, don a ga yadda mota za ta yi in ta yi karo. Maƙera suka ƙera wata mai ƙarfin gaske, gabanta kamar goshin giwa. Aka ce in tafi a hankali in daki katangar. Na daka. Motar ko kwarzane ba ta yi ba. Ni kuwa na tashi sama ta kan sitiyari, na sauka a rumfar mai tumatir da karyayyen haƙarƙari. Maƙera suka kewaye motar suna taya juna murna.

Inna Tasalla ce kaɗai ta zo inda nake. Ta auna nisan da na yi da igiyarta, ta ce, "Motar ta tsaya, kai ba ka tsaya ba, don ba wanda ya gaya wa jikinka. Abin da ke tafiya ba ya fasawa sai an tare shi."

Ta sa aka ɗinka ɗamara mai ɗaure mutum da kujera. Ta kuma ce a ƙera gaban mota da ƙarfe mai laushi, wanda zai lotse ya shanye dukan kafin ya iso ga na ciki. Maƙera suka yi fushi, suka ce tun kakanninsu ba a taɓa sa su yin abu don ya lalace ba. Ta ce su zaɓa, ko mota ta karye ko Sarkin Zama. Suka nemi a ba su lokaci su yi shawara.

Ina kwance ina jinya aka zo mini da albishir cewa an gama sabon inji mai gudu ninkin na da, kuma da zarar na miƙe za a sake ni da shi daga ƙololuwa zuwa katanga. Na sa aka kira Baba Ƙosau, na roƙe shi ya samo mini fatun awaki, da yashi, da duma, da ƙwai. Na ɗinka mutum-mutumi daidai tsawona, na ɗura masa yashi har ya kai nauyina, na yi masa kai da duma, na jera ƙwai a ƙirjinsa a madadin haƙarƙari.

Na kai wa Inna Tasalla na ce, "Inna, ga ƙanena. In duma ta fashe, kai ya fashe. In ƙwai ya tsira, mutum ya tsira. Ba ya kuka, ba ya runtse ido, kuma ana iya ɗinke shi kafin la'asar."

Ta kewaye shi tana latsawa, fuskarta ta yi haske. Ta ce, "Wannan ya fi ka, Malam Nomau. Kai kullum sai ka sunkuya kafin karo, ka ɓata mini awo. Ko me ya hana mu tunanin wannan tun da?"

Baba Ƙosau ya ce, "Baƙi ba su taɓa yankewa ba, Inna."

Galadima ya ce doka ta ce Sarkin Zama ne ke zama. Na ce to a naɗa ƙanena. Aka yi shawara a fada, aka ga ba inda doka ta ce sai mai numfashi. Aka warware rawanin daga kaina aka naɗa wa duma, mutane suka sa masa suna Malam Shiru.

Ban lura da sauran abin da ke tafe da rawanin ba sai da yamma ta yi. Aka mayar da Malam Shiru gidan bene, ni aka ba ni zaure. Aka ci gaba da kai masa tuwo da kaji, fadawa na taya shi ci. Ni aka ce baransa ne, aikina in ɗauke shi, in ɗinke shi, in canja masa ƙwai, abincina kuwa abin da ya fashe. Da ƙwan ya daina fashewa, saboda ɗamarar da lallausan gaban sun yi aiki, sai birni ya yi biki, ni kuma na fara kwana da yunwa. Ƙofa dai har yanzu a rufe take gare ni.

Na lura ranar gwaji akan buɗe ƙofar gari don mutanen ƙauye su shigo kallo, kuma tsakanin katangar da ƙofar bai fi a karkata sitiyari kaɗan ba. Tun da Malam Shiru ba ya tuƙi, akan ɗaure sitiyarin da igiya, a danne totur da dutse, a saki motar. Na faɗa wa Baba Ƙosau abin da ke raina, na ce ya zo mu tafi tare, in ɗinka masa tasa fatar.

Ya ce, "Wuyan da ba ya waiwaye bai dace da mai gudu ba. Je ka, ni zan tura ka."

Ranar babban gwaji, da azahar, kowa na wurin cin abinci, na farke bayan Malam Shiru na zubar da yashin a bayan zaure, na shiga fatar da 'yar wuƙa a tafin hannu, na kifa dumar da na huda wa ido a kaina. Baba Ƙosau ya ɗinke ni, ya ɗora ni a baro, ya gaya wa mutane baran na kwance da ciwon ciki.

Abin da na manta shi ne Inna Tasalla ba ta sakin mota sai ta ɗora kome a ma'auni. Aka ɗora ni. Ta dubi ma'aunin, ta sake dubawa.

Ta ce, "Sarkin Zama ya rame."

Galadima ya ce, "Ba zai yiwu ba. Kullum akushinsa fanko yake dawowa."

Ta ce, "To, yashi ne ya tsiyaye. Ku sa shi a kujera, ni zan ɗaure shi."

Ta sunkuyo tana jan ɗamarar, ta matse ta fiye da kullum, bakinta kusa da dumar. Zuciyata na bugun ƙwan da ke ƙirjina. Ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Daina riƙe numfashi, za ka suma. Yashi ba ya gumi, Malam Nomau. Na ga tulinsa a bayan zaure, shi ya sa na cika tankin har baki. Kada ka yanke igiyar sai ka wuce marina, in ba haka ba dogarai za su rufe ƙofa. Ka ture dutsen da ƙafa, ka taka birki kaɗan-kaɗan kafin kwana."

Na ce daga cikin dumar, "Inna, Allah Ya saka."

Ta ce, "Ba kyauta ba ce. Shekara da shekaru ina son in san iyakar inda tanki ɗaya zai kai mota, doka ta hana a fita da wanda ya san inji, wanda bai sani ba kuma ba zai iya gaya mini kome ba. Ka tafi har ta mutu da kanta, ka aiko mini da labari. Ka saurari tayar hagu."

Ta ɗaga hannu, aka saki motar. Gidaje suka riƙa wucewa kamar ana fizge su. Na wuce kasuwa, na wuce marina, na yanke igiyar, na ture dutsen, na taka birkin nan da aka gano da fatar jikina, ya kama. Katanga ta taso mini, na karkata, na bi ta ƙofa, mutanen ƙauye na tsalle gefe. Abin da na ji na ƙarshe muryar wata mata ce tana cewa ai dama ta san wata rana Malam Shiru zai gaji.

Na yi ta tafiya, na bar dutse, na ratsa dajin madara, na kauce wa Rumbuki da nisa. Injin ya yi tari ya mutu a gindin wata kuka, a mashigin Kogin Barma, inda na zauna har yau ina gyara wa manoma injin ban ruwa. Ba wanda ya tilasta ni, amma sai na sami kaina ina duba tankin da kara, ina taɓa lagireto, ina kwance tayar hagu in ga abin da ke kuka a cikinta. Da ayarin masu kai madarar taya ya zo wucewa, na sa madugunsu ya haddace saƙona: inda ta tsaya, inda ruwa ya yi zafi, da ƙarfen da ya cinye a tayar.

Bayan damina ta wuce madugun ya dawo, ya same ni a gindin kukar. Ya ce Baba Ƙosau na gaishe ni, an kuma ɗinka sabon Sarkin Zama, an ɗaure shi da sarƙa don kada ya bi sawun na farko.

Na ce, "Inna fa?"

Ya ce, "Ta ce ta gode, kuma an gyara tayar. Amma ta ce ranar iska na bayanka, kai kuma ka rame, don haka lissafin bai tsaya ba. Ta ce ka yi ƙoƙari ka ƙara ƙiba, ka komo a sake."

Na ba shi ruwa ya sha, na ce ya gaya mata ina nan ina ƙoƙarin ƙibar, amma jikin nawa mai jinkiri ne.

Nan hikayata ta tsaya, a inda man ya ƙare. Wanda ya ji da shakka, motar na nan gindin kuka, kujerarta ba kowa, ya zo ya zauna.